Zaman masu barin giya: yadda ake nemo shi da abin da ake tararwa a ciki

Kafin maganar zama, bari in fara da maganar asibiti, don a nan ne ake rasa rai. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, har ta kai sai ya kurɓa da safe kafin hannunsa ya daina rawa, bai kamata ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba. Awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe ake fara ganin rawar hannu, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu kan yanke jiki su faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne haɗarin ya fi girma: zazzaɓi, ruɗewa, gane-gane, mutum ya riƙa kakkaɓe ƙwarin da babu su a jikinsa. A gida sai a ce iska ce ko sammu, a tafi neman mai ruƙiyya, alhali jiki ne ke neman abin da ya saba da shi, kuma wannan hali yana kisa. Abin da likita ke yi shi ne ya ba da maganin kwantar da jijiyoyi irin su diazepam, yana rage shi a hankali cikin 'yan kwanaki, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kada ka je kemis ka sayi diazepam ɗin da kanka. Shi ma yana kama mutum, in kuma ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri duk sun san wannan aiki, haka ma sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Na san sunan da jama'a ke kiran waɗannan wurare da shi, kuma na san shi ke hana mutane zuwa. A daure a je. In an shiga gaban likita a faɗi gaskiyar adadi: kwalba nawa a rana, leda nawa, ogogoro ne ko burkutu, tun yaushe, an taɓa faɗuwa ko ba a taɓa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce biyu alhali takwas yake sha, za a auna masa maganin mai biyu.

To, asibiti yakan fitar da giya daga jiki cikin mako ɗaya ko makamancin haka. Abin da ba ya iya yi shi ne ya bi ka gida ranar Juma'a da yamma, albashi ya shigo, abokai suna kira. Wannan gurbin ne zaman 'yan'uwa yake cikewa, wato ƙungiyoyin mashaya da ke taruwa suna taimakon juna su daina sha.

Mafi shahara a irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Alcoholics Anonymous, wadda kowa ke kira AA. Ta samo asali a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson mai harkar hannun jari da Bob Smith likitan fiɗa, suka lura cewa in suna magana da juna game da matsalarsu sukan iya kai dare ba su sha ba. A 1939 suka fitar da littafin da ke ɗauke da matakai goma sha biyu na barin sha, yau kuma ana zaman AA a ƙasashe kusan 180. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Babu fom, babu kuɗin rajista, ba a tambayar addini ko aiki ko sunan mahaifi. Ko da ka sha da safiyar ranar za a bar ka ka zauna, muddin ba za ka ta da hankalin mutane ba, sai dai a roƙe ka ka saurara kawai.

Nemo zaman shi ne aikin da ya fi ba ni wahala, domin ba sa kafa allo a bakin titi. Hanyar da ta fi saurin kaiwa ita ce tambaya a asibitin da aka duba ka, musamman wajen nas-nas da masu ba da shawara na sashen shaye-shaye. Su suka san ko akwai masu taruwa a garin, wani lokaci ma a harabar asibitin ake yi. Hanya ta biyu intanet: shafin AA na duniya yana jera ofisoshi ƙasa-ƙasa, akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide. Ta uku, ofisoshin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na jihohi suna da sashen ba da shawara, ana iya tambayarsu ko sun san masu zaman Narcotics Anonymous, wato NA. Ita NA, wadda aka kafa a 1953, ta masu barin ƙwaya ce, amma a wurinsu giya ma ƙwaya ce, don haka in ita kaɗai ke kusa da kai, je ka. Gaskiyar magana, a manyan birane irin Legas da Abuja aka fi samun zama ido da ido. Wanda ke ƙaramin gari yakan fara ne ta waya.

Duk jadawalin da ka gani, kada ka kama hanya sai ka kira lambar da ke jiki. Jadawali yana tsufa: an canja ɗaki, an koma Laraba daga Talata, ko mai riƙe da makulli ya bar gari. Wanda zai ɗauki wayar ba ma'aikaci ba ne, mashayi ne da ya daina, kuma ba zai nemi cikakken sunanka ba. Tambaye shi rana da lokaci, da wane harshe ake yi, wace ƙofa ake shiga, me za ka ce wa maigadi. Wannan ta ƙarshen ba ƙarama ba ce. Mutum ya sha komawa gida daga bakin get don ya rasa abin da zai ce ya zo yi. Sannan ka lura da haruffan da ke gaban kowane zama. O na nufin buɗaɗɗe, kowa na iya zuwa, har matarka ko ƙaninka su rako ka. C na nufin rufaffe, na masu son barin sha kaɗai. W na mata zalla ne.

Akwai alamun da in ka gan su ka san ba wurin ba ne. An nemi kuɗi kafin ka zauna, an ce ka kawo katin shaida, ana sayar da wani magani ko jiƙo, ko an ce sai ka kwana a kulle ka. Ba a manta da gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. Zaman gaskiya da ƙafarka kake shiga, da ƙafarka kake fita, ko ana tsakiyar magana ne.

Ka isa minti 15 kafin lokaci. Abin da za ka tarar ba shi da wani kwarjini: kujerun roba an kewaya da su, fulas ɗin ruwan zafi da ganyen shayi a kan ƙaramin tebur, takardu biyu a bango, ɗaya na matakai goma sha biyu, ɗaya na ƙa'idojin ƙungiya goma sha biyu. Mai jan zaman yana riƙe da takarda da ta sha hannu har gefenta ya yi laushi. Shi ma mashayi ne, bayan 'yan watanni wani zai karɓe shi. Yawanci awa ɗaya ake yi, wasu wuraren awa ɗaya da rabi. Za a buɗe da ɗan shiru, a karanta bayanin abin da ƙungiyar take da abin da ba ita ba, sannan a tambaya ko akwai sabon zuwa. In ka ga dama ka ɗaga hannu ka faɗi sunanka na farko, ko ma wani suna daban. Daga nan sai magana ta fara zagayawa. Kowa kan fara da "Sunana wane, ni mashayi ne," ɗaki ya amsa masa da gaisuwa, ya yi minti uku zuwa biyar yana faɗin halin da yake ciki, ya yi shiru, a gode masa, na gaba ya ɗauka. In layi ya zo kanka ba ka shirya ba, "Yau saurare na zo yi" ta wadatar.

Abin da ya fi ba Bahaushe mamaki a ɗakin shi ne rashin nasiha. Mun saba in mutum ya faɗi laifinsa, babba ya gyara murya ya yi masa faɗa, saura su bi da "Allah ya shirya." A nan doka ce ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a ce "da ni ne kai." Dattijo mai furfura da yaron da bai kai ɗansa ba layi ɗaya suke bi. Da farko na ɗauka rashin kula ne. Daga baya na gane amfaninsa: mashayi ya sha nasiha har ya ƙoshi, ya kuma ƙware wajen sunkuyar da kai yana "to, to, in sha Allahu" zuciyarsa na can wani wuri. Abin da bai taɓa ji ba shi ne wani ya faɗi, ba tare da an tambaye shi ba, cewa shi ma a bayan tankin banɗaki yake ɓoye kwalba, shi ma yakan tauna kanumfari ko citta kafin ya shiga gida. Wanda ya faɗi wannan ba za ka iya yi masa ƙarya ba, don ya riga ka yin ta.

Kusa da ƙarshe za a zagaya da kwando ko leda. Abin da ya sawwaƙa ake sakawa, don kuɗin ɗaki da shayi, sabon zuwa kuma akan ce masa ya bari. Ƙungiyar ba ta karɓar gudummawa daga waje, ko daga gwamnati ko daga attajiri. A wasu wuraren ana ba da ɗan ƙarfe kamar kwabo ga wanda ya cika awa 24, kwana 30, 60, 90, har shekara. Wasu ba sa yi.

Yanzu ga tambayoyin da ke cin Musulmi a rai, don na san suna nan. Sau da yawa a ɗakin taron coci ake zama, saboda nan ake samun haya mai sauƙi, amma ƙa'idar ƙungiyar ta hana ta jingina da kowane addini ko wata hukuma. Matakan suna ambaton Ubangiji "kamar yadda ka fahimce shi," ba wanda zai tambaye ka aƙidarka. Akan rufe da gajeriyar addu'ar neman natsuwa, wasu wuraren da addu'ar Kirista, wani lokaci a riƙe hannun juna. Kana iya tsayawa shiru ka yi taka a zuci, ko ka ja baya kaɗan, babu mai kallon ka. Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, akwai Millati Islami, wadda Musulmin Amurka suka kafa a Baltimo a 1989, ta sake tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna, kuma suna zama ta intanet. Akwai kuma SMART Recovery, tun 1994, wadda ba ta kawo maganar addini sam, dabarun sarrafa tunani da sha'awa take koyarwa.

Sai batun tona asirin kai. Hadisin da ya yi gargaɗi kan masu bayyana saɓo yana magana ne a kan wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye yana ba da labari. A fahimtata, mai faɗa wa likita ciwonsa ba ya cikin wannan, haka ma wanda ya shiga rufaffen ɗaki neman hanyar dainawa. Mai shakka ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma a yi hattara: alkawarin riƙe sirri alkawari ne na mutunci, ba doka ba ce. A jihohin da giya laifi ce a shari'a, ko ga mai aikin da zai iya rasawa, kada a faɗi wurin aiki, unguwa ko sunan iyali a gaban taro. Bayanin da ya yi nauyi a ajiye shi sai an samu mutum ɗaya amintacce. In kuwa ka shiga ka tarar da wanda ka sani, ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. A waje kuma, in kun haɗu a kasuwa yana tare da iyalinsa, gaisuwar da kuka saba kawai.

Minti goma na bayan an tashi sun fi awar da aka yi a zaune amfani, kuma su ne sabon zuwa ke gudu. Tsaya ka sha shayin. Karɓi lambar waya ta mutum uku aƙalla, washegari ka kira ɗaya ko ba abin da ke damunka, ka ce ka kira ne ku gaisa. Dalili shi ne, wanda bai saba kira lokacin lafiya ba, ba zai iya ba ranar da sha'awa ta taso masa da ƙarfe goma na dare. Ita sha'awar takan hau ne ta kai ƙololuwa ta sauka, sau da yawa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma hira a waya na iya cinye wannan lokacin. Tsofaffin ɗaki za su ce maka ka kiyayi abu huɗu: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Da na duba, kusan duk ranar da ta yi mini tsanani akwai biyu daga ciki.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Shawarar da ake bayarwa ita ce a gwada kamar shida, a wurare daban-daban in akwai, domin kowane ɗaki da halinsa. Wani ɗakin mutum biyu ne suka mamaye shi da surutu, wani kuma kamar gidanku. Za ka ji ana cewa zama 90 cikin kwana 90. Ba doka ba ce, kuma a garin da ake zama sau ɗaya a mako ba ta yiwuwa sai an haɗa da na waya.

Na wayar ta Zoom aka fi yi, kuma tun 2020 suka yawaita har babu awar da ba a yin wani a duniya. Shafin Online Intergroup na AA yana jera su. Kafin ka shiga ka canja sunan da ke fitowa a fuskar wayar, don sau da yawa cikakken sunanka ne a kai. Kashe kyamara, data ma za ta fi daɗewa. Sa abin saurare a kunne, ka samu inda ba a jin ka, ko cikin mota ne. Inda aka fi yin kuskure shi ne agogo. Landan daidai take da Najeriya da Nijar daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa ɗaya. Niyok tana baya da awa 5 a lokacin zafinsu, 6 a lokacin sanyi. Akara tana baya da awa ɗaya, Nairobi tana gaba da biyu. Yawancinsu da Turanci ake yi, akwai na Faransanci da na Larabci.

Cikin makonnin farko za a ce ka nemi jagora, wanda a ɗaki ake kira sifonsa. Mutum ne da ya daɗe bai sha ba, shekara ɗaya ko fiye, ya bi matakan da kansa, zai kuma bi da kai. Kai kake zaɓa, ta hanyar sauraren wanda maganarsa ke kama hankalinka, ka same shi bayan an tashi ka tambaye shi. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. In ba ku daidaita ba kana iya canjawa ba tare da gaba ba. Da shi ake aikin gaske: mataki na huɗu, ka zauna da biro ka rubuta halayenka da waɗanda kake riƙe da su a rai, na biyar, ka karanta wa mutum ɗaya, na takwas da na tara, ka jera waɗanda ka cuta ka nemi gyara, sai inda yin hakan zai ƙara cutar da su ko wasu. Wanda ya yi karatun sharuɗɗan tuba zai ga bai yi baƙunta ba: nadama, dainawa, niyyar rashin komawa, da mayar da haƙƙi. Gaggawa ce ke ɓata wannan mataki. Mai kwana goma da dainawa ya ruga gidan surukai neman gafara, ya sake sha bayan mako biyu, ya ƙara zubar da abin da ya rage masa na yarda. Jagora ne zai ce maka tukuna.

Ɗakin ba na waliyyai ba ne. Akwai mai neman rance, kada ka bayar, kada ka karɓa. Akwai tsohon ɗan ɗaki mai fakon sababbin mata. 'Yar'uwa, in wani ya matsa miki da kira ko tayin rage hanya, ki gaya wa mai jan zama ko wata babbar mace a ɗakin, ki kuma nemi zaman mata. Akwai mai cewa ka zubar da maganin da likita ya ba ka, wai shi ma maye ne. Wannan ya saɓa wa abin da ƙungiyar kanta ta rubuta, cewa ɗanta ba ya zama likita. Magunguna irin su naltrexone da acamprosate suna rage sha'awar giya, kuma ba sa karo da zuwa zama. Disulfiram kuwa, mai sa amai da bugun zuciya in an sha giya a kansa, kada iyali su kuskura su barbaɗa wa mutum a abinci a ɓoye. Iyalin da abin ya dame su suna da tasu ƙungiyar, Al-Anon, tun 1951.

Musanya ma tarko ce. An bar giya an koma tiramadol, ko kodin, ko wiwi, ana lissafin kwanaki. Haka 'yan kwalaben ɗaci da ake sha da sunan maganin basir ko ƙarfin maza: juya kwalbar ka karanta, da yawansu giya ce mai ƙarfi. Sai tarkon azumi. Mutum ya yi kwana 30 bai sha ba, ya ce ashe ba ni da matsala, ya daina zuwa, washegarin Sallah ya koma inda ya tsaya. Mai sha kullum kuma da zai yanke a daren farko na Ramadan, maganar asibitin nan ta farko ta shafe shi.

Shin abin yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565, ta samu cewa cikin waɗanda aka bi da su ta tsarin da ke kai mutum AA, kusan kashi 42 cikin ɗari ba su sha ko kaɗan ba har shekara guda, a sauran hanyoyin jinya kuwa kashi 35. Adadin yana da kyau, amma ka karanta shi ta ɗaya gefen: fiye da rabi sun sake sha. Don haka komawa sha ba abin mamaki ba ne a ɗakin. Wanda ya zame ya kira jagoransa a ranar, ya zo zama na gaba, ya faɗa, a sake lissafi daga ɗaya. Kunya ce ke mayar da zamewar dare ɗaya ta zama ta wata shida. In shan ya ɗauki kwanaki a jere, a koma wurin likita kafin a sake yankewa, domin kowace yankewa takan fi ta baya tsanani a jiki.

Inda babu zama sam, ƙa'idar AA ta ce mashaya biyu ko uku da suka taru don barin sha suna iya kiran kansu ƙungiya, muddin ba su jingina da wata hukuma ba. Abin da ake buƙata ɗaki ne da ba gidan ɗayanku ba, rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba sa canjawa, da littafin, wanda ake karantawa kyauta a shafinsu. Ya fi kyau a samu ɗaya da ya yi 'yan watanni yana halartar na waya, ya ga yadda ake ja. A raba aiki: mai makulli, mai shayi, mai riƙe kuɗin kwando yana rubutawa a littafi, a kuma riƙa juya ayyukan bayan wata uku ko shida don kada wani ya zama mai gida. A bar lambar waya ɗaya wurin nas ɗin sashen shaye-shaye na asibitin garin. Mai makulli kuma ya buɗe ɗakin a kan lokaci ya zauna awar nan cur, ko da makon nan shi kaɗai ya zo.